Rubutu a Bakin Kwano

Wani abokina malamin makaranta ya ba ni aron wani littafi mai hotunan kayan mutanen dā. Ran nan da dare, bayan sallar lisha, ina cikin buɗe shi sai na tarar da hoton wani kwanon tangaran, fari fat, babu zanen fure babu na tsuntsu, sai layi guda na baƙin rubutun Larabci da ya kewaye bakinsa ta ciki. A ƙarƙashin hoton an ce a Naisaburi aka gina shi, cikin ƙasar Iran, yau shekara dubu da 'yan kai. Na daɗe ina dubansa. Kyansa ne ya fara tsai da ni, amma abin da ya hana ni barci daban ne. Kwanon nan ya tuna mini da wani laifi da na yi wa wata tsohuwa a nan Birnin Gwari, ya kuma bar ni da wata tambaya da na ke so mu duba tare, ni da ku da kuka koyi karatu bayan girma ya kama ku. Tambayar ita ce, wanda Allah ya buɗe wa ido ya san baƙi, da me ya fi wanda bai sani ba, kuma wane hakki na wancan ne ya hau kansa?

Bari mu fara da kwanon. Sunan Naisaburi ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malamai, domin can ne garin Imamu Muslim mai littafin hadisi, wanda ya rasu a shekarar 875. A ƙarni na 10 duk wannan yanki, har da Samarƙandu, yana hannun sarakunan da a ke kira Samaniyawa, waɗanda fadarsu ta ke Buhara, garin Imamu Buhari. Mutanen ƙasar da Farisanci su ke magana a gida da kasuwa, amma in za a rubuta abu mai daraja sai a koma ga Larabci, kamar dai yadda kakanninmu suka yi a nan ƙasar Hausa.

A zamanin nan fatake suna kawo tangaran daga ƙasar Sin, fari tas, mai ƙara in an ƙwanƙwasa shi, masu hali suna rububinsa. Magina na ƙasashen Musulmi kuwa ba su da irin ƙasar da Sinawa ke aiki da ita, ba su kuma san asirin wutarta ba. Sai suka yi dabara. Su kan ɗauki yumɓu na kullum, ja-ja irin namu, su gina kwano a bisa faifai mai juyawa, sa'an nan su shafe shi da farar ƙasa da aka dama ta yi ruwa-ruwa kamar koko. In ya sha iska sai a yi rubutu a kansa da wata ƙasa mai duhu, ita ma damammiya, a zuba masa wani haɗi wanda in ya sha wuta ya ke zama kamar gilashi, a sa shi a tanderu. Da ya ke tawadar ita ma ƙasa ce, ba ta narkewa ta gudu cikin wuta, shi ya sa baƙaƙen suka zauna daram har yau. A shekarar 1221 rundunar Mangol ta rushe Naisaburi, tsohon garin ya koma kufai. Sai daga 1935 zuwa 1940, da kuma 1947, waɗansu masana daga gidan ajiye kayan tarihi na Metropolitan da ke Niyok, a Amurka, suka yi ta tonon kufan nan. Abin da suka samu aka raba tsakanin Tehran da Niyok. Galibin kwanonin a farfashe aka tono su, aka zauna aka yi ta haɗa tsingaro da tsingaro.

To, na ce a raina, ni da na yi allo har na sauke, wannan layi guda ba zai gagare ni ba. Rubutun irin na Kufa ne, mai kusurwa, wanda aka rubuta Alƙur'anan farko da irinsa. Rubutun allonmu ma jikansa ne, ta hanyar Magrib ya iso mana, shi ya sa mu ke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. Amma na kwanon nan babu ɗigo babu wasali, an ja alif da lam sun yi tsawo kamar giginya, an kuma miƙe tsakanin baƙi da baƙi domin layin ya cika da'ira. Na juya littafin hagu, na juya shi dama, na yi ta haɗa baƙi kamar yaron da ya shiga makaranta jiya. Da ƙyar na tsinci kalma guda, wadda ma'anarta kyauta. Sauran sai da na koma ga fassarar da ke ƙasa, na ga yabon mai kyauta ne. A shafukan gaba akwai waɗansu kwanonin. Wani yana gargaɗi a kan yawan magana, wani a kan yin shiri kafin a fara aiki, wani a kan haƙuri da ɗacin neman ilimi. Da yawa kuwa addu'a ce kawai, ta albarka ga mai kwanon, da fatan a ci lafiya.

Da na nuna wa wani limami hoton, sai ya ɓata rai. Ya ce wannan rashin ladabi ne ga baƙi. Kwano ana zuba masa miya, ana wanke shi da ruwan dauɗa, yara suna wasa da shi, ran da ya fashe kuma juji za a kai shi. Maganarsa tana da nauyi, domin mu mutane ne da ko guntun takarda mai Larabci muka gani a ƙasa mu kan ɗauka mu soke a jikin danga, ruwan wankin allo kuwa ko a sha shi ko a zuba shi inda ƙafa ba ta takawa. Amma na lura maginan nan ma sun san haka, don kuwa da wuya ka ga aya a kan kwanonin cin abincinsu. Karin magana ne da nasiha da addu'a suka fi yawa, irin abin da direbobinmu ke rubutawa a goshin manyan motoci. Ni a ganina sun zaɓi wuri mai kyau. Nasihar da ke cikin littafi sai wanda ya buɗe littafi ya gan ta. Wadda ke bakin kwano kuwa tana gaban mutum a daidai lokacin da ya ke miƙa hannu ga abinci, watau lokacin da almajiri ke sallama a ƙofa, zuciya kuma tana cewa a yi shiru kamar ba kowa a gidan.

Akwai wani abu cikin littafin da ya fi wannan ba ni mamaki. Waɗansu kwanonin, in ka hange su daga nesa ka ce rubutu ne, amma in masani ya zo karantawa sai ya tarar babu kalma ko ɗaya. Maginin bai iya karatu ba. Ya ga ana sayen mai rubutu, sai ya kwaikwayi siffar baƙaƙe, ya ja tsaye ya ja kwance, ya yi ta maimaitawa har ya kewaye kwanon. Wani lokaci ma za ka ga alamar kalmar albarka ce aka yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu, kowa yana zubar da ɗan wani abu, har ta zama zane kawai.

Da farko dariya na yi. Na ce ga jahilci tsirara, ga kuma zamba, mutum ya sayar wa jama'a rubutun da ba ya cewa kome. Amma da na ƙara tunani sai dariyar ta tsaya. Wannan magini bai ƙwari kowa a kan abin da ya sani ba. Kwanonsa ba ya yoyo, ya gasu, yana riƙe miya kamar na kowa. Baƙaƙen kuwa ya zana su ne domin yana ganin girmansu, yana son kayansa su raɓi abin da bai samu ba. In akwai abin zargi, sai a tambayi masu karatun garin da suka bar shi shekara da shekaru yana zana baƙi, babu wanda ya tsuguna kusa da shi ya ce, wannan ba ce, wannan ra ce. Daga nan ne tsohuwar nan ta faɗo mini a rai.

Kowa ya san abin da ya sami ƙasarmu. Dajin Kamuku, wanda En'e ta Birnin Gwari ta keɓe tun 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, shi da dazuzzukan da ke manne da shi sun yi shekaru suna zaman maɓoyar 'yan bindiga. Hanyar Kaduna da ta Funtuwa suka zama abin tsoro, ƙauyuka da yawa suka watse, mutane suka kwararo cikin gari da abin da suka iya ɗauka. Ni aikina rubutu ne a ofis, saboda haka wata rana aka sa ni rubuta sunayen masu karɓar taimakon hatsi. Rana ta take, layi ya yi tsawo, raina a ɓace. Sai ga wata tsohuwa Bagwariya, da ƙullin kayanta a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka. Na tambayi sunanta, ta faɗa, ban ji ba. Ta sake faɗa, ban iya rubutawa ba. Maimakon in ce ni ne na kasa, sai na rubuta wani sunan Hausa da ya yi kama da shi, na miƙa mata alƙalami, alhali na san ba ta iya ba, na ce, "Iya, sa hannu." Ta tsaya tana duban alƙalamin. Na ce, "Ashe ko alif ba ki sani ba, ga Hausar ma duk gwaranci." Mutane suka yi dariya. Ba ta ce kome ba. Ta dangwala babban yatsanta a tawada, ta dangwala a takarda, ta goge shi a gefen zanenta, ta wuce.

Ku duba fa, a ran nan ni ne mai karatu a wurin. Na san baƙin Larabci, na san na boko. Da an kawo mini kalmar kyauta ko ta tausayi, da na karanta ta ba gargada, har in faɗi inda ta zo a hadisi. Amma da an tona cikina a wannan sa'a, ba za a sami ma'anar ko ɗaya daga cikinsu ba. Maginin da na yi wa dariya ya fi ni gaskiya, domin shi bai taɓa cewa ya san abin da ya ke zanawa ba. Har kalmar nan gwaranci, da mu Hausawa mu ke jifan duk mai karyayyen harshe da ita, ya kamata mu ji kunyarta, musamman mu da sunan garinmu ya ke ɗauke da sunan mutanen nan. Su da bakinsu Gbagyi su ke kiran kansu, kaɗan ne cikinmu suka damu su koyi faɗinsa daidai.

Bayan wannan da daɗewa randar gidanmu ta fashe. Uwargida ta ƙi ta roba, ta ce ruwanta ɗumi gare shi, sai irin wadda ta fashe. Aka yi ta cigiya har aka kwatanta mini gidan da mai ginin ta sauka a bayan gari. Ina yin sallama sai ga tsohuwar nan. Ta gane ni, na kuwa ga ta gane ni. Ta sa jikanta ya shimfiɗa mini tabarma, ta ɗebo mini ruwa a moɗa, mai sanyi kamar na rijiya da asuba. Na sha, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙe ta gafara. Ta ce, "Malam, rana ce ta yi maka zafi. Allah ya yafe mana."

Ta ce randa sai na yi haƙuri, ƙasar nan kusa ba ta yi mata ba. Nata yumɓun yana can gefen wani rafi kusa da kufan ƙauyensu, inda uwarta ta nuna mata, ita ma uwarta ta nuna mata. Sai bayan sulhun da aka yi a watan Nuwamba 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar kara, jikanta ya fara samun zuwa da babur ya ɗebo mata buhu ɗaya ko biyu. Na zauna ina kallon aikinta kwana da kwanaki. Ba ta da faifai mai juyawa, ba ta da tanderu. Ita ce ke kewaya tukunyar, tana ɗora igiyar yumɓu bisa igiya, tana ja da yatsu, har abu ya tashi ya kai mata ƙugu, bakinsa a daidaice kamar an auna. Ta san yawan dakakken tsingaron da za ta haɗa da yumɓu don kada ya tsage, da hannu kawai ta ke ji. Ta san kwana nawa zai sha inuwa kafin ya ga rana, da irin itacen da ciyawar da za a lulluɓe shi da su, da lokacin da za a sa wuta kafin iska ta tashi, da yadda a ke yayyafa makuba tun tukunya tana da zafi. Na tambaye ta wa ta koya wa. Ta ce 'ya'yanta mata sun watse, wata Kaduna wata Minna, kuma wa zai sha wannan wahala ga roba da araha?

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce a idon duniya. Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, daga ƙasar Gwari, wadda ba ta yi boko ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya kan tara tukwanenta a fadarsa, can ne wani Bature, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin Abuja na dā, wanda yanzu a ke kira Suleja, ita kuwa ta shiga a 1954. Ta koyi faifai da tanderu, amma ba ta bar zanenta na ƙadangare da kunama da kifi da kada ba. Ta je Ingila da Amurka ta yi gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Abin lura a nan, a gindin tukwanen da ta yi a makarantar nan akwai hatimi mai baƙi biyu, L da K. Saboda baƙaƙen nan biyu, da kuma waɗanda suka zauna suka rubuta labarinta, a ke gane aikinta ko'ina. Iyayenta da suka koya mata, da dubban irin tsohuwar nan tawa, sun tafi ba a san sunan kowa ba.

Saboda haka kada wani ya ji labarin nan ya ce ashe karatu ba kome ba ne, ya jefar da littafinsa. Mai karatu ya fi wanda bai iya ba da abu guda, babba kuwa: maganarsa tana iya zuwa inda ƙafarsa ba ta je ba, tana kuma iya wuce ranar mutuwarsa. Naisaburi ta dā ta rushe, sarakunanta sun shuɗe, amma ga wani magini yana yi mini nasiha a ɗakina bayan shekara dubu. Tsohuwar nan kuwa, in ta kwanta dama yau, rafin nan da yumɓunsa da ma'aunin hannunta duk sun bi ta kabari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauka wannan fifiko ya kai har ga hankali, ko ga mutunci, ko ga sanin duniya. Ni ina da abin ajiyewa amma ba ni da abin da ita ta sani, ita tana da sani amma ba ta da inda za ta ajiye shi. A kan kwanon Naisaburi mai alƙalami da mai yumɓu sun haɗu a wuri guda. A nan kuwa malam yana zaure da allonsa, magina suna bayan gari da hayaƙinsu, an yi ɗaruruwan shekaru ana maƙwabtaka ba a haɗa aiki ba.

An ce yanzu attajiran duniya suna sayen irin kwanonin nan da kuɗi masu yawa a kasuwannin gwanjo na Landan, su kulle su cikin akwatin gilashi. Kwanon da ke yabon kyauta ya zama ba mai cin tuwo a cikinsa. Ba na zarginsu ƙwarai, gara a adana da a bari ya lalace. Amma karatun da yawa daga cikinmu haka ya ke. Mun karɓi takardar shaida mun sa a ƙasan adaka, sai ran da za a yi fariya a fito da ita. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950, a ke roƙon wanda ya koya ya koya wa wani. Ni zan ƙara da cewa ya kuma zauna gaban wanda bai koya ba ya ɗauki darasi. A kowace unguwa akwai maƙeri, ko masaƙi, ko ungozoma, ko maharbin da ya san sunan kowane itace a dajin nan da maganin da ke cikinsa, ba kuwa mai tambayarsu.

Ni dai na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ina zuwa wurinta ran Asabar da hantsi. Abu na farko da na rubuta shi ne sunanta na gaskiya, sai da ta faɗa sau biyar, jikanta yana gyara mini, kafin na kama. Da randata ta tashi, tun tana ɗanya, na nuna mata hoton kwanon, na roƙe ta ta bar ni in rubuta kalma guda a kafaɗarta. Ta tambayi ma'anar kalmar, na ce albarka. Ta ce wannan ba laifi. Na ɗauki tsinke na fara ja, yadda na saba danna alƙalami, sai tsinken ya nutse, bakin randar ya tsage har tsawon ɗan yatsa.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Malam, ashe a nan kai ma ko alif ba ka sani ba."

Ta jiƙa babban yatsanta ta shafe tsagar, ta kama hannuna ta nuna mini nauyin da yumɓu ke iya ɗauka. A karo na uku kalmar ta fita, ko da ya ke kaf ɗin ta karkace. Randar tana inuwa yanzu, ta ce sai ta yi kwana goma kafin a yi maganar wuta. Littafin kuwa mun kai shafi na 14, mun tsaya a kan wata kalma ta harshensu, sunan wata irin ƙasa mai ƙyalli da a ke samu a ƙarƙashin yumɓun, wadda har yanzu ban sami baƙaƙen da za su riƙe ta ba, na boko ko na ajami.